KAFIN KA BIYA KUƊIN DIGIRI NA BIYU KAN ADALCI DA SHUGABANCI



Darasinmu na yau tambaya ce ta haifar da shi. Na nemi izinin mai tambayar kafin na rubuta, ya kuma amince bisa sharaɗin kada na ambaci sunansa.

Wani matashi ne cikin masu sallah a bayana, malamin sakandare, mai natsuwa, ba ya rasa sahun farko. Bayan sallar Isha ya tsaya har mutane suka watse, sannan ya matso ya ce: "Malam, na samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a ta ƙasar waje. Ta intanet ake yi, ba sai na je ba. Fannin ya haɗa adalcin zamantakewa da shugabanci da koyarwa ta na'ura. Tambayata biyu ce. Ya halatta na karanta wannan fanni? Don wani abokina ya ce aƙidar Turawa ce zalla. Sannan kuɗin da dala ake biya, ina so na sayar da filin da mahaifinmu ya bari."

Na ce masa tambayar farko tana buƙatar zama, ta biyu kuma sai na yi masa wasu tambayoyi tukuna. Bari mu bi su a jere kamar yadda ya kawo su, domin na san ba shi kaɗai ne ke da irin wannan tunani ba.

ME AKE KARANTAWA A FANNIN?

Malamanmu sun koya mana cewa ba a yi wa abu hukunci sai an san mene ne shi. To bari mu fara sanin abin.

Adalcin zamantakewa bincike ne kan yadda ake raba alheri da wahala a cikin al'umma. Wa ke samun makaranta mai kyau, wa ke rasawa? Wa ke zuwa asibiti a duba shi, wa ke mutuwa a hanya? Idan talaka da mai hali suka je gaban hukuma, shin ana sauraronsu daidai? Sannan mene ne sababin bambancin, kuma ta ina za a gyara? Fannin shugabanci kuwa yana koyar da yadda ake tafiyar da jama'a da dukiyar jama'a: tsara aiki, kasafin kuɗi, shawara, sasanta rikici, bayar da bahasi. Shi kuma na ukun, wato koyarwa ta na'ura, yana duba yadda za a isar da darasi ta waya da kwamfuta da rediyo ga wanda ba zai iya zuwa aji ba.

Dalilin da ya sa wasu jami'o'i suke haɗa su wuri guda shi ne, wanda zai jagoranci makaranta ko ƙungiya a yau dole ya yi aiki da na'ura, kuma na'urar nan tana iya rage tazarar da ke tsakanin mai shi da maras shi, tana kuma iya ƙara ta.

Idan ka fahimci haka, ka ga ai asalin abin halas ne. Sanin halin mutane da dabarun tafiyar da al'amuransu yana cikin al'amuran duniya da asalinsu halacci ne, har sai an samu abin da ya haramta. Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, ya kuwa koya cikin kusan rabin wata. Sayyidina Umar (RA) ya kafa diwani, wato rajistar sunayen mutane da abin da kowa zai karɓa daga baitulmali, alhali tsari ne da Farisawa suka riga mu sani. 

Akwai ma abin da ya fi wannan kusa da batunmu. Kafin annabci, wani ɗan kasuwa daga Zubaid ta ƙasar Yaman ya kawo haja Makka, Asi bin Wa'il ya karɓa ya hana shi kuɗinsa. Mutumin ya yi kururuwar neman agaji, sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi bin Jud'an suka yi alƙawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo. Wannan shi ne Hilful Fudul. Annabi (SAW) ya halarta yana matashi, kuma bayan zuwan Musulunci ya yabi wannan alƙawari, ya nuna da za a kira shi zuwa ga irinsa da ya amsa. Waɗanda suka ƙulla shi fa mushirikai ne. Saboda haka zama da wanda ba Musulmi ba don a yi nazarin yadda za a kare wanda aka zalunta ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

AMMA KADA KA SHIGA DA HANNU RABBANA

Abin da nake tsoro ga matasanmu shi ne mutum ya shiga ajin yana zaton a can aka fara maganar adalci. Wanda bai san abin da ke cikin rumbun gidansu ba, duk abin da aka ba shi a waje zai ɗauka shi ne abinci.

Kalmar nan ta adalcin zamantakewa a harsunan Turai ba ta daɗe ba. A shekarun 1840 ne wani malamin Katolika ɗan Italiya mai suna Taparelli ya yaɗa ta. Mu kuwa, Allah Ya faɗa mana a Suratul Hadid aya ta 25 cewa Ya aiko manzanni da littafi da ma'auni ne domin mutane su tsayar da adalci. A Suratun Nisa'i aya ta 135 Ya umarce mu mu tsaya kan adalci ko da a kan kanmu ne, ko iyaye, ko dangi. A Suratul Ma'ida aya ta 8 Ya hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yi musu adalci. A Suratul Hashri aya ta 7 Ya bayyana hikimar rabon dukiyar fai'u, wato don kada dukiya ta riƙa kewayawa tsakanin mawadata kawai. Dubi wannan aya ta ƙarshe da kyau, don ita ce zuciyar abin da za ka shafe zangon karatu guda kana tattaunawa a kai.

Malamai kuma ba su bar abin a wa'azi kawai ba, sun mayar da shi tsari. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekara ta 182 bayan hijira, ya rubuta wa Haruna Rashid Kitabul Kharaj kan yadda za a karɓi haraji ba tare da an zalunci manoma ba. Mawardi, wanda ya rasu a 450, ya ware babi guda a Al-Ahkamus Sulɗaniyya kan kotun mazalim, inda talaka ke kai ƙarar gwamna ko ma'aikacin hukuma. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 808, ya yi bayani a Muƙaddima cewa zalunci yana rusa gari, ya kuma nuna yadda hakan ke faruwa: idan mutane suka ga ana ƙwace abin da suka nema, sai su daina nema, kasuwa ta mutu, harajin ma ya ragu, mulkin ya raunana.

A nan ƙasar Hausa, Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa risala kan wajiban sarakuna tun ƙarni na 15. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa hanyoyin da masu mulki ke cin dukiyar talakawa, har da sunayensu na Hausa, irin su jangali da kuɗin gari da gaisuwa. Shehu Abdullahi na Gwandu ya rubuta Liya'ul Hukkam a Kano lokacin da mutanen garin suka nemi ya nuna musu yadda za su tafiyar da mulki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina Usulus Siyasa, inda ya nuna cewa kula da sana'o'in mutane da kasuwanni da hanyoyi yana cikin aikin shugaba. A zamanin kusa kuwa, Malam Aminu Kano da jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950 sun gina gwagwarmayarsu ne kan haƙƙin talakawa.

Wallahi abin kunya ne ɗan Kano ko ɗan Sakkwato ya rubuta kundin digiri na biyu kan adalci, ya cika shi da sunayen malaman Amurka da Faransa, babu ko ɗaya daga waɗannan. Su kansu malaman can sun fi girmama ɗalibin da ya zo musu da abin da ba su sani ba.

TO IDAN MUNA DA DUK WANNAN, ME ZA MU JE NEMA?

Ga inda zan faɗi gaskiya a kanmu mu masu karatun addini. Na yi shekaru a jami'a a ƙasar Larabawa, na karanta babin zakka a littafi fiye da ɗaya. Na san nisabi, na san kashi takwas da Suratut Tauba aya ta 60 ta ambata, na san saɓanin malamai kan bambancin faƙiri da miskini. Da na dawo gida aka ɗora mini rabon zakkar da wasu 'yan kasuwa suka kawo masallaci, sai na gane ban san yadda zan tantance gidajen mabuƙata a unguwa ba. Waɗanda suka iya zuwa suka yi magana su suka samu. Bayan an gama rabo ne na ji labarin wata bazawara mai marayu huɗu a bayan masallaci, wadda kunya ta hana ta fitowa. Har yau abin yana damuna. Hukuncin na sani, hanyar isar da shi ga mai shi ce ban iya ba.

Irin wannan giɓi ne karatun nan ke cikewa. Zai koya maka yadda ake shiga unguwa a yi ƙididdiga, yadda ake tsara tambayoyi, yadda ake gane ko wani shiri ya yi amfani ko kuɗi kawai aka kashe. Kuma muna buƙatar masu wannan sani. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoto a 2022 cewa mutum miliyan 133 a Najeriya, wato kashi 63 cikin ɗari, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, kuma kashi 65 cikin ɗari na waɗannan suna Arewa. Muna da hukumomin zakka da waƙafi a jihohi irin su Kano da Sakkwato da Zamfara. Muna da dubban makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin marayu. Su wa za su tafiyar da su da ilimi?

Za ka kuma haɗu da tunani mai amfani. Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya da ya samu kyautar Nobel a 1998, ya yi nazarin yunwar da aka yi a Bengal a 1943, ya nuna cewa ana iya mutuwa da yunwa alhali abinci na nan a kasuwa, domin abin da ya ƙare shi ne ikon saye a hannun talaka. Duk wanda ya ga buhunan hatsi jibge a Dawanau, ya kuma san gidajen da ba a ɗora tukunya ba a ranar, ya fahimci wannan magana. Sannan zai ƙara fahimtar hikimar hana ɓoye abinci don ya yi tsada da shari'a ta yi.

John Rawls, ɗan Amurka, a littafinsa na 1971 kan adalci, ya ce ka ƙaddara za ka tsara dokokin gari alhali ba ka san a wane gida za a haife ka ba, gidan attajiri ko na ɗan dako, mai lafiya ko mai lalura. Dokar da za ka yarda da ita a wannan hali ita ce ta fi kusa da adalci. Musulmi ba zai ji wannan baƙo ba, tunda an sharɗanta masa cikar imani da so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa.

INDA ZA KA RIƘE MA'AUNINKA

Abokin nan da ya ce aƙidar Turawa ce, ya yi kuskure da ya haramta fannin gaba ɗaya, amma ruwa ba ya tsami banza. Yawancin waɗannan darussa an gina su ne kan cewa hankalin ɗan Adam da yarjejeniyar mutane su ne ƙarshen magana kan mene ne adalci. Mu kuwa a wurinmu akwai wuraren da nassi ya riga ya yanke: gado, riba, aure, iyakokin mu'amala tsakanin jinsi. A cikin ajin za a zo da batutuwan da suka shafi jinsi da iyali a matsayin abin da an gama magana a kansa, a sa ran kowa ya gyaɗa kai. Za ka haɗu da masu kallon duk tarihin ɗan Adam a matsayin faɗa tsakanin masu hali da marasa hali, addini kuma kayan aikin masu hali ne.

Misali, za a ce maka bai wa namiji rabon mata biyu a gado zalunci ne. Idan ba ka karanta fara'il ba, sai ka yi shiru ko ka yi fushi, duk biyun kuwa rauni ne. Wanda ya karanta zai yi bayani cikin ladabi: cewa sadaki da ciyarwa da tufatarwa da muhalli suna wuyan namiji, dukiyar mace kuma tata ce ita kaɗai, cewa akwai wuraren da mace da namiji suke samun daidai, kamar 'yan uwa ta wajen uwa, da kuma uwa da uba idan mamacin ya bar ɗa namiji, kowannensu sudusi. Za ka iya rubuta ra'ayin wani malami daidai yadda ya faɗa don amsa jarrabawa, sannan ka rubuta inda ka saɓa masa da hujja. Hakaito magana daban, yarda da ita daban.

Shawarata ita ce, duk wanda zai shiga irin wannan karatu ya kasance yana da malamin da yake komawa wurinsa da abin da ya shige masa duhu. Kada ka bar shubuha ta kwana a zuciyarka wata shida kana jin nauyin tambaya.

MAGANAR SHUGABANCI

Wani zai ce, ba an hana neman shugabanci ba? Haka ne, Annabi (SAW) ya hana Abdurrahman bin Samura neman mulki, ya sanar da shi cewa wanda aka ba shi ba tare da ya nema ba ana taimakonsa, wanda ya nema kuma ana barinsa da shi. Amma koyon yadda ake riƙe amana ba shi ne kwaɗayin kujera ba.

Ku duba ƙissar Abu Zarri (RA). Mutum ne da aka shaida da gaskiya da gudun duniya. Da ya nemi a ba shi aiki, Annabi (SAW) ya gaya masa cewa shi mai rauni ne, abin kuma amana ce. Ashe taƙawa ita kaɗai ba ta isa ba. Annabi Yusuf (AS) da ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, abu biyu ya ambata: tsarewa da sani. 'Yar dattijon Madyana da ta ba mahaifinta shawarar ɗaukar Annabi Musa (AS) aiki, ƙarfi da amana ta ambata. A kan waɗannan biyun Ibnu Taimiyya ya gina bayaninsa na wanda ya cancanci muƙami a As-Siyasatush Shar'iyya.

Mu duba kanmu. Masallatai nawa ne suke da littafin shige da ficen kuɗi da ake karanta wa jama'a? Makarantun Islamiyya nawa ne suka mutu ranar da wanda ya kafa su ya rasu, saboda komai a kansa yake? Mutanen kirki ne, babu mai zarginsu da ci, amma ba a koya musu tsari ba. Annabi (SAW) da kansa ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi da ya dawo daga karɓar zakka yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Ya hau mimbari ya yi tir da hakan. Bin diddigin dukiyar jama'a sunna ce tun kafin a sa mata suna a jami'a. Gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba.

KARATU DAGA NESA

Shi ma wannan ba sabo ba ne. Malaman hadisi sun lissafa mukataba, wato malami ya rubuto wa ɗalibi daga wani gari, cikin hanyoyin ɗaukar ilimi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta ga matan ƙauyuka ba za su iya barin gidajensu su zo karatu ba, sai ta tsara 'Yan Taru. Tana horar da jajis, dattawan mata, ta naɗa musu malafa, ta ba su darussa cikin waƙe da Hausa da Fulatanci don su yi sauƙin haddacewa, su kuma su kai wa mata har inda suke. Ta duba halin ɗalibin tukuna, sannan ta ƙera darasin daidai da shi.

Wannan shi ne babban darasin fannin koyarwa ta na'ura. Mun gani a 2020 da aka rufe makarantu saboda korona: 'ya'yan masu hali suka ci gaba da karatu ta Zoom, wasu suka dogara da darussan rediyo, da yawa kuwa karatun ya tsaya cak. Wanda zai tsara darasi ga yaron da wayar gidansu ɗaya ce, ba kullum ake samun wuta ba, data kuma sai an yi lissafi, to saƙon murya na minti biyar da Hausa a WhatsApp ya fi masa bidiyon awa guda da Turanci. Idan digirinka bai sa ka tuna da wannan yaron ba, akwai gyara.

Kai kuma ɗalibi, ka sani karatun intanet ya fi na aji buƙatar tsoron Allah, domin babu mai ganinka. A zaure, malam yana ganin fuskarka ya gane ba ka fahimta ba, kana kuma koyon ladabinsa kafin iliminsa. A intanet kai ne mai tsaron kanka. Yau ana iya biyan wani ya rubuta maka jinga, ko ka sa ChatGPT ya rubuta kundin gaba ɗaya ka ɗora sunanka. Amfani da na'ura don ta taimaka maka ka fahimta, ko ta gyara maka harshe inda makaranta ta yarda, babu laifi. Amma ka miƙa abin da ba kai ka yi ba ka ce naka ne, wannan algus ne, kuma Annabi (SAW) ya barranta daga mai algus. Sannan da wannan takarda za ka nemi aiki, ka ci albashi, ka ciyar da iyali. Ka yi tunani. Ka kuma tuna hadisin Muslim kan mutum uku da za a fara yi wa hisabi, cikinsu har da wanda ya nemi ilimi don a ce masa malami.

KAFIN KA TURA KO SISI

1. Ka tabbatar da ingancin jami'ar. Idan ta gida ce, ka duba ko hukumar NUC ta amince da ita da kuma fannin. Idan ta waje ce, ka bincika ko hukumar ƙasarta ta amince da ita, kuma ko Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya za ta karɓi takardar. 'Yan uwanmu na Nijar su duba amincewar CAMES. Ba mu manta ba, a ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya samo digiri a Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon 2024. Duk inda aka ce babu jarrabawa, babu bincike, biya kawai, to banza ba ta kai zomo kasuwa.

2. Ka lissafa kuɗin har ƙarshe, ba zangon farko kawai ba. Waɗanda suka fara biya da dala a farkon 2023 tana ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati, a 2024 sun same ta sama da naira 1,500. Ka haɗa da kuɗin data da na wuta.

3. Ka duba na gida tukuna. Jami'ar NOUN karatu daga nesa shi ne aikinta, ABU Zariya ma tana da cibiyar karatu daga nesa.

4. Ka nemi tallafi. Akwai na Commonwealth da aka ware musamman don karatu daga nesa, akwai Chevening ga mai son zuwa Ingila na shekara guda idan ya yi aiki na aƙalla shekara biyu, akwai na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda. Suna da wahalar samu, amma ana samu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

5. Kada ka ci bashin riba don karatu.

6. Ka san matsalar da kake son warwarewa tun kafin ka shiga. Suratut Tauba aya ta 122 ta yi maganar waɗanda za su keɓe don neman fahimtar addini domin su amfanar da mutanensu da gargaɗi. Mu ɗauki ladabin da ke ciki: ilimi ana nemansa ne don jama'ar da ke jiransa.

MU KOMA KAN FILIN

Da muka gama wannan duka, sai na ce masa: "Ɗan'uwa, filin nan an raba gado?" Ya ce a'a. Na ce su wa mahaifinku ya bari? Ya ce Umma, da shi, da ƙaninsa, da ƙannensa mata uku, iyayen mahaifin kuma sun riga shi rasuwa. Na ce sun san za ka sayar? Ya ce Umma ta sani, ta ce ya yi abin da ya ga ya dace, ƙanin ma ya sani. Matan kuwa biyu suna gidan aure, ƙaramar tana makaranta, kuma ai shi ne babba, idan ya samu aiki mai kyau duk su za su amfana.

Na ɗauko takarda muka yi lissafi. Umma tana da sumuni, wato ɗaya cikin takwas. Saura bakwai. Maza biyu kowanne biyu, huɗu ke nan. Mata uku kowacce ɗaya, uku ke nan. Na ce masa: "Ka ga filin nan kashi takwas ne, naka biyu ne kacal. Shida ba naka ba ne. Shirun Umma na kunyar ɗan fari ba lallai yarda ba ce, 'yan uwanka mata ba a tambaye su ba, ƙaramar kuma marainiya ce da ba ta kai ta yi kyauta da dukiyarta ba. Za ka sayar da haƙƙin mata uku ba da saninsu ba don ka je ka karanta adalci?"

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce: "Wallahi Malam ban taɓa kallon abin ta nan ba."

Na yarda da shi, domin ba mugu ba ne. Haka muka taso muka gani: gona da gida suna zama a hannun maza, mata a ce ai suna gidan miji. Muna iya kare hukuncin gado da baki a gaban Bature, amma a gida ko kason nan ɗaya da Allah Ya ba mace ba ya isa hannunta. Idan kura na maganin zawo, ta yi wa kanta.

Ban hana shi karatu ba, ina ma ƙarfafa masa gwiwa, don muna buƙatar irinsa. Abin da na ce masa shi ne a fara raba gado, kowa ya san nasa. Bayan nan idan ya ga dama ya sayar da kasonsa, idan wata cikin manyan ta taimaka masa da daɗin rai, Allah Ya ba ta lada. Ya rubuta wa jami'ar ya nemi a ɗage masa gurbin zuwa baɗi, yana kuma shirin neman tallafi. Maganar rabon ba ta zo da sauƙi ba, don wani baffansu yana ganin raba fili raba zumunci ne, har yanzu ana kan tattaunawa. Ku sa su a addu'a.

Kai ma mai karatu, ko kana shirin digiri ko ba ka yi, ka duba gidanku. Akwai gadon da ba a raba ba? Akwai ɗan aikin da ba a biya ba? Akwai kuɗin jama'a a hannunka da ba ka rubuta ba? Ka fara da wannan a makon nan.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu tsaya kan adalci ko da a kan kanmu ne, Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu. Wanda yake da tambaya kan rabon gado ya same ni bayan sallar La'asar ranar Asabar, ya zo da cikakken jerin magada.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.